Mai Ƙahon Ɓauna

A nan Garwa, tabarau mai kaurin baki, wanda ke zama a hanci kamar tukunya kan murhu, ƙahon ɓauna muke ce masa. Ba yabo ba ne. In an ce wane ya sa ƙahon ɓauna, ana nufin yana tunkuyin mutane da boko, ko da kansa fanko ne. Ban taɓa ganinsa a fuskar mace ba sai yau, a layin yin katin ɗan ƙasa.

Ga ta gabana, doguwa, ta haura hamsin, zanenta ya koɗe amma ya sha guga. Ƙafar tabarau ɗaya da zare aka ɗaure ta. Ina jin 'ya'yan mutane ta yi ta koyarwa har idon ya gaji.

Akawu yana tura mata tawada, ko kallonta bai yi ba. "Mama, dangwala nan."

Ita kuwa tana tura tabarau sama da yatsa ɗaya, tana bin takardar layi-layi.

"Ɗana, sunan ubana Hamidu, ka rubuta Hamadu. Da wannan katin jandarma zai sauke ni daga mota a hanyar Pitowa, ya ce ba ni ba ce. Gyara, sannan ka ba ni biro."

Akawu ya yage takarda, ya jawo sabuwa.

Ni da ban san ko bihim ba, sai na ji wuyana ya ƙara tsawo. Na taɓa kafaɗarta, na miƙa mata tawa: "'Yar'uwa, duba mini ubana."