Elvera da Kwalaye Shida na Farfesa Regier

A layinmu idan aka ce "mai tsafta", ba sai an kama suna ba, kowa ya san Elvera Goertzen ake nufi. Mace ce da ke wanke akwatin wasiƙunta da sabulu duk ranar Asabar, an kuma taɓa kama ta tana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar maƙwabci don wai tana ɓata mata kallo. Shekararta saba'in da huɗu. A gonar alkama aka haife ta, mil tara daga ɗan garin nan namu na jihar Kansas. Ba ta taɓa aure ba. Ta ce ta ga yadda maza ke jefar da takalmi a tsakar ɗaki, ya ishe ta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wa Farfesa Waldo Regier rubutunsa a tafireta, a kwalejin cocinmu. Shi malamin ɗabi'ar Kirista ne, mai koyar da yadda mai bi zai zauna da mutane lafiya. Rubutun hannunsa kuwa, sai ka ce tururuwa ta faɗa a tawada ta fito da gudu. Duk garin ita kaɗai ke iya karanta shi. A kan takardu rawaya masu layi yake yi, waɗanda kwaleji ke ba malamai kyauta, ya dire mata a tebur ya ce, "Elvera, fassara min abin da nake nufi."

Sun yi ritaya tare, a shekara guda. Yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓoɓi, ta rufe tafireta da ƙyalle. Shi kuma matarsa ta rasu, 'yarsa na can Kanada, ya zauna shi kaɗai a gidan da ke kallon nata. Sati biyu kafin rasuwarsa ta kai masa miyar kabeji, ya riƙe mata hannu.

"Akwai littafin da ban gama ba, a kan yafe wa wanda bai nemi gafara ba. Ki tabbata ya shiga hannun mutanen kwaleji."

"Zai shiga, Farfesa. Sha miyarka kafin ta huce."

Bayan jana'iza 'yar ta ba ta makulli. Sati uku Elvera tana cikin ɗakin karatun. Duk abin da ke da kamannin ilimi, wasiƙu, laccoci, wa'azi, takardun nan rawaya, ta jera shi shekara bi shekara a kwalaye goma sha huɗu. Sauran kuma tarkace ne: takardun shirin sujada da ake rabawa a coci ranar Lahadi, tsofaffin ambulan, tallan injin yankan ciyawa. Kwali shida cif. A garinmu kuwa ba a zubar da takarda, kusan zunubi ne. Ta kai huɗu wurin matan ɗinki na coci, biyu kuma shagon kayan hannu da cocin ke gudanarwa, don a riƙa naɗe kofuna.

Bayan wata biyu, wata ranar Talata, sai ga Dana Whitcomb a gidan Farfesa, matashiyar da ke kula da ɗakin adana takardun tarihi na kwaleji. Ta buɗe kwalayen tana jinjina kai.

"Mis Goertzen, ban taɓa karɓar takardu a tsare haka ba. Amma ina littafinsa na ƙarshe? Babu ko layi ɗaya da ya rubuta bayan ritayarsa."

"Duk takarda rawaya da ke gidan nan tana gabanki, 'yata."

Dana ta sunkuya ta zaro wata takardar sujada da ta maƙale a ƙarƙashin ƙafar tebur, ta juya ta. A bayanta ga tururuwar Farfesa, da fensir shara-shara, ga lamba a kusurwa: 212.

Elvera ta zauna a ƙasa ba tare da ta kakkaɓe wurin ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ashe da kwaleji ta daina ba shi takarda kyauta, dattijon nan ya ƙi saya. Shekara tara yana rubuta littafinsa a bayan tarkace. Ita kuma ta duba fuskar kowace takarda, ba ta juya ko ɗaya ba.

Washegari Laraba, ranar ɗinki. Da ƙarfe tara ta faɗa zauren coci ko gashinta ba ta gama gyarawa ba. Mata goma sha biyu na zaune suna haɗa bargon guntayen yadi, irin wanda ake yanka takarda mai kusurwa shida, a naɗe ta da yadi, a ɗinke da 'yar'uwarta. Almakashi sai ƙyas-ƙyas yake yi.

"Ku tsaya! Kowa ta ajiye almakashi!"

Malinda Unruh, shugabar matan, wadda suke faɗa da Elvera tun suna aji biyu, ta sauke tabarau kan hanci.

"To fa. Wa ya mutu kuma? Ko ƙura kika gani a kan bagade?"

"Littafin Farfesa kuke yankawa! Yana bayan takardun!"

Wata tsohuwa ta juya guntun da ke hannunta ta ƙura masa ido. "Wannan rubutu ne? Ni na ɗauka jikansa ne ya yi wasa da fensir."

"Ba shi da jika, Hulda."

"To ai sai a yi masa uzuri."

Kwali ɗaya da rabi sun riga sun zama ƙananan guntaye, wasu ma suna cikin bargon. Elvera ta tsaya tana kallonsu.

"Na yi masa alkawari," ta ce a hankali. "Da hannuna na kawo muku."

Malinda ba ta ƙara tsokana ba. Ta miƙe ta buɗe kabad, ta fito da ledojin burodi guda takwas a ƙulle.

"Ke dai kin raina mu. Kin taɓa ganin na zubar da abu? Duk gefen da muka yanke yana nan, kowane sati da ledarsa. Na ce ko za su yi amfani wata rana."

"Amfanin me, Malinda?"

"Ga shi kuwa ya zo. Zauna, kina tare mana haske."

Idan akwai abin da matan nan suka iya a duniya, to haɗa guntu da guntu ne. Suka warware ɗinkin, suka zaro takardun, suka baza a teburin cin abinci. Su ba sa iya karanta bayan, sai suka bi ta fuskar: wannan waƙa ta ɗari da goma sha takwas ce, Lahadin da aka yi wa 'yan biyun Penner albarka, ragowarta na ledar can. Sun tuna kowace Lahadi, har da wanda ya yi gyangyaɗi. Da suka ɗauko salatif, Dana, wadda ta biyo Elvera zauren, ta yi tsalle kamar ta ga maciji, ta ce yana cin takarda, ta kawo musu ambulan masu haske su riƙa jera kowane shafi a ciki.

Ranar Lahadi Elvera, wadda ba ta taɓa magana a gaban jama'a ba, ta miƙe lokacin sanarwa.

"'Yan'uwa, ni ce na yi wauta. Duk wanda ya sayi kofi ko faranti a shagon coci cikin wata biyun nan, don Allah ya dawo min da takardar naɗin."

Aka yi dariya, har fasto. Amma babu wanda ya zubar da tasa. Wani ya zaro daga aljihun tebur, a goge da dutsen guga. Wata ta shimfiɗa tata a ƙarƙashin kwalaben jam na shafa wa burodi. Orlando Penner, manomin da ya shekara goma sha biyu ba ya gaisa da ƙaninsa saboda iyakar gona, ya kawo shafi na casa'in yana sosa ƙeya.

"Na yi ta fama da shi, kalma uku na gane. In kin buga, ki ba ni ɗaya."

"Ɗaya ko biyu, Orlando?"

Ya daɗe yana kallon hularsa. "To, ki yi biyu."

Daga shafi ɗari uku da arba'in, an samo ɗari uku da goma sha ɗaya. Malinda ta ce Elvera ta cike giɓin da kanta, tunda ta fi marigayin sanin abin da yake nufi. Elvera ta ƙi. Ta ce inda ya ɓace za ta rubuta cewa ya ɓace, da sunan wadda ta jawo.

Yanzu kwalaye ashirin na jere a kwaleji da sunansa a jiki. Duk safiya kuwa, in ka bi ta layinmu, za ka ji tafiretar nan tana ƙwas, ƙwas, da yatsa biyu, shafi uku a rana. Akwatin wasiƙunta ya yi ƙura, mun kuma faɗa mata. Ta leƙo ta taga ta ce mu zo mu wanke, ita tana da aiki.