Sanarwar zaɓe a gafakar Baba

Jiya ina ɗaure akuya sai ga mota a ƙofar gidanmu a Masanawa. Jami'in zaɓe ya fito, ɗan sanda na bayansa.

Sanarwar zaɓen da suka liƙa a bangonmu ce ta ɓace. Jami'in ya ce doka ta wajabta jama'a su gan ta kafin zaɓe, wanda ya cire kuwa zai yi bayani a ofishin 'yan sanda na Kabo. Ga shi kowa ya san jam'iyyar da nake yi.

Ina ta rantsuwa sai mahaifina ya fito, ya buɗe gafakar Alƙur'aninsa, ya zaro takardar a ninke.

Na ce, "Baba, me ya kai ka?"

Ya ce, "A bakin kwata na tsince ta, ruwa ya ɓamɓaro ta. Ban iya boko ba, ina na sani ko da sunan Allah a ciki?"

Jami'in ya karɓi takardar. Suka kafe ta a bangon da ƙusa, suka tafi.

Da Baba ya ƙona ta, kamar yadda yake yi wa irin waɗannan takardu, ku faɗa min, wa zai yarda da ni?