Sojan Gefe da Na Mayar Kan Allo

Na daɗe ina juya wannan magana kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma wasan da zan yi magana a kansa ban taɓa buga shi da kowa ba, kallo kawai na yi. Sau uku ina farawa ina yage takardar, don tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Amma makon jiya na ji ƙarar katako a kan katako daga ɗakin ɗana, ya sayo allon eshek, wato darar Turawa mai sarki da sojoji, a kasuwa yana jera 'ya'yansa. Wannan ƙarar ce ta mayar da ni unguwar Ridina, ƙofar gidan kawuna, inda na tashi.

Kawu mahauci ne. Da azahar yake dawowa, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, amma warin kitse ba ya barinsa. A bazara, lokacin da ɗaki ba ya zaunuwa, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ya ɗora shayi a gawayi, ya jira maƙwabcinmu. Shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mu yara muna ce masa Baba mai tabarau. Shi ya koya wa Kawu wasan. Da Larabci suke hira, amma Kawu da Hausa yake tsokana.

Baba ne kullum mai farare. Ya tura sojan gaban sarki taki biyu, Kawu ma ya yi haka. Baba ya fito da doki yana neman cin sojan Kawu. Sai Kawu ya tura sojan da ke gaban giwar sarkinsa taki ɗaya don ya kare shi. Kullum haka, ba ya sauyawa. Baba ya girgiza kai ya ce wannan ƙofa ruɓaɓɓiya ce, ta bar sarki a fili.

"To shigo mana, Malam," in ji Kawu. "Shekara nawa kana tsaye a bakinta kana sallama?"

Baba mutum ne mai tattali, ba ya ba da ko soja a banza, saboda haka ya daɗe bai shiga ba.

Suna da wata ƙa'ida. In aka kira la'asar ana tsakiyar wasa, sai su bar allon yadda yake, a sa mai tsaro. In an dawo aka sami saɓani, abin da mai tsaro ya faɗa shi ne hukunci, ba a ja. Ni ce mai tsaron, ina 'yar shekara tara. Baba ne ya zaɓe ni, ya ce yaran maza za su taɓa, ni kuwa ko ƙuda ya sauka sai na ba da labari.

Ranar da nake nufi, zafi ya yi tsanani har ganye ba ya motsi. Baba ya zo da wata fuska daban, ko shayi bai karɓa ba. Da Kawu ya yi abin da ya saba, sai Baba ya ɗauki dokinsa ya ci sojan nan da Kawu ya kare. Kawu ya yi dariya ya cinye dokin. Daga nan dariya ta ƙare. Sarauniyar Baba ta fito ta gefe ta kai wa sarki hari, ta ci wani soja, ta sake kai hari. Giwa ta biyo baya. Kawu ya jefa mata soja ta cinye. Sarkin Kawu ya yi ta ja da gindi har ya fito fili, a gaban sojojinsa na gefe. Ana nan aka kira salla.

Suna tafiya ƙishi ya kama ni. Randa tana cikin zaure, taku goma ne. Ina riƙe da moda na ji ƙarar. Akuyar gidan ce ta zo neman ganyen shayi, ta bangaji allon, kusurwa ɗaya ta zube a tabarma.

Na tsince 'ya'yan da suka zube. Sarki na san gidansa, doki da sauran ma na sani. Soja ɗaya ne ya tsaya mini a hannu, baƙi, na can ƙarshen gefe. Na kasa tuna ko yana gidansa na farko ko ya yi gaba taki ɗaya. Na ajiye shi nan, na ɗauke, na ajiye can. Da na hango su tafe, sai na bar shi a gaba.

Baba ya zauna ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya fara ƙirga da yatsu, ya tsaya. Kawu ya ce shi kam ya ruɗe tun ɗazu, bai san me ya taɓa ba. Sai Baba ya juyo gare ni, ya kira ni yarinya da Larabci.

"Bineye, haka yake?"

Na ce eh.

"Tunda ke kika faɗa, kalas, magana ta ƙare."

Ta bayan wannan sojan sarkin Kawu ya sami rami ya shige. Harin Baba ya huce, ga shi babu doki, kafin magariba an cinye shi. Kawu ya yi wata guda yana ba mahauta labari. Baba bai sake ba da dokinsa ba. Ya ce ya gwada, ƙofar tana riƙewa, shi ne bai fahimce ta ba. Da damina ta biyu 'ya'yansa suka ɗauke shi suka koma unguwar Amriguébé, can ya rasu. Kawu ya ci gaba da tura sojansa har ƙarfinsa ya ƙare.

Ban gaya wa kowa ba. Na yi istigfari ba adadi. Wani lokaci ina ce wa kaina wasa ne, yarinya ce. Amma shaida ce aka nema a bakina, mutumin ya ajiye ƙirgarsa ya ɗauki maganata.

Yau ina unguwar Toukra da jikoki. Yara a waya suke wasan, ba mai barin allo a hannun wani. Na tambayi ɗana a kan wannan buɗin wasa na Kawu, ban faɗa masa dalili ba. Ya ce masana ba sa yinsa, amma ya ga masu ci da shi. Wannan bai ishe ni ba.

Don Allah, in a cikinku akwai wanda ya iya eshek sosai, ya jera allo yadda na bayyana ya duba mini. Ƙofar nan tana karyuwa ko ba ta karyuwa? In sojan gefe yana gidansa, sarkin zai mutu? In kuma yana gaba, akwai hanyar da Baba bai gani ba, ko ni ce na toshe ta? Sannan wanda ya san zuriyar wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai tabarau, da ya zauna Ridina kusa da gidan mahauta, ya taimaka ya sanar da ni. In ta tabbata mahaifinsu ne mai gaskiya, ina so in je da ƙafata in gaya musu.