Laka a Ramin Makirfo

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata, tsakiyar damina, a wani ƙaramin ofishin lafiya da na yi wa aiki a Anka. Ku da kuka shigo aikin kwamfuta kwanan nan ku ba ni kunnenku, don ni na tafka abin kunyar, ba wani ba.

Ni ne jami'in kula da na'urori. Ofishin yakan tura ma'aikata ƙauyuka irin su Duza da Sunke su ɗebo jinin yara a gwada gubar dalma, sakamakon kuma a shigar cikin kwamfuta ɗaya tak. Mai shigarwar shi ne Malam Altine, Bafulatani mai sanyin magana, wanda Innarsa ke zaune a ruga wajen Adabka. Kwamfutar tana ɗakin da ake zaman tsara fita kowace safiya, inda ake yanke wace mota za ta bi wace hanya. Mako guda kafin nan 'yan bindiga sun tare motarmu, Allah ya kiyaye matuƙin ya yi ribas ya tsira. Tun ranar kowa ke kallon kowa ta wutsiyar ido, ana zargin wani daga cikinmu ne ya gaya musu hanyar.

Ran Talatar kwamfuta ta ƙi ajiye komai, wai ma'ajiyarta ta cika. Shugabar sashenmu, Hajiya Kulu, ta aiko na zo.

Ga wanda ba ɗan hannu ba: a can ƙasan manhajar kwamfuta akwai abin da muke kira kanel, shi ke magana da ƙarafunan na'ura, kuma duk abin da ya faru sai ya rubuta a kundinsa. Na buɗe kundin, wai! Saƙo ɗaya ne ke ta zubowa ba numfashi, daga direban sauti, wato 'yar manhajar da ke kula da lasifika da makirfo. Cewa yake an soka wani abu a ramin makirfo, an zare, an soka, ya tambayi allon sauti bai sami amsa ba. Wannan surutun ne ya cinye ma'ajiyar. Da na duba lokutan, sai na lura da wani abu. Abin yana tsananta daga ƙarfe takwas zuwa hantsi, daidai lokacin zama, kamar wani na naɗar maganarmu, da rana kuma ya lafa.

Na ja Hajiya gefe. "Ranki ya daɗe, abin ga bai kwanta mini ba."

"Mi ka gani?"

"Na'urar na cewa ana soka makirfo ana zarewa, kuma lokacin da kuke zama."

Ta ƙura mini ido. "Wa ke zama gabanta?"

Na waiga wajen kujerar Altine, kuma wallahi gara a ce ban waiga ba. Ta ce in bincika tukuna, kada in gaya wa kowa. To amma bangon ofishin katako ne. Kafin Azahar maganar ta zaga, har na ji kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, a bakin wani. Kun san a wurinmu in wannan suna ya manne wa mutum, ba aikinsa kaɗai ke cikin haɗari ba, har ransa da na danginsa.

Na fara aiki bisa ƙa'ida. Na share kundin, na ƙayyade girmansa don shigar da sakamako ya ci gaba. Na sabunta direban, saƙon bai tsaya ba. Na tayar da kwamfutar da tsohon kanel, ina! Ido ɗaya na kan allo, ɗaya na kan Altine. In ya fita amsa waya da Fulatanci, in ce ka gani ko. In ya yi shiru, in ce shirun marar gaskiya ne. Da rana ya shimfiɗa tabarma ya buɗe kwanonsa kamar kullum, ba wanda ya zo ya sa hannu.

Ran Laraba da safe na tayar da ita da wata manhaja daban daga filas, wato 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, Altine ba ya ɗakin, ba abin da aka soka a ramin makirfo, saƙon kuma na nan yana zuba. Mai hankali a nan zai gane matsalar a jikin ƙarfe take. Ni kuwa gogan naku sai na ce lallai ya ɓoye wata na'ura a ciki. Har na zauna na rubuta rahoto da sunansa, na sa a aljihun tebur.

Ran Alhamis na kwance akwatin kwamfutar a gaban Hajiya don ta zama shaida. Na duba lungu-lungu, babu baƙon abu. Sai na zare siririyar wayar da ta haɗa ramukan sauti na gaba da babban allo. Tsit! Kundin ya yi shiru. Na haska ramin makirfo da tocila, na sa tsinke na sakato. Laka ce ta fito, da gawar wata 'yar tsutsa. Ƙaramin zanzaron nan mai toshe ramin makulli ne ya yi ɗaki a ciki. Da safe laka ta sha raɓa, ta haɗa ƙarafunan da ke gane an soka abu, in rana ta yi zafi ta bushe.

Hajiya ta tara ma'aikata duka, ta ɗora lakar a kan farar takarda, ta sa ni na yi bayani da bakina. Aka yi ta salati, wasu na dariyar borin kunya. Altine bai yi dariya ba. Da aka watse ya tsaya kusa da ni.

"Malam, da ba ka iske lakar ga ba fa?"

Rahoton na nan cikin aljihun teburina, kuma na tabbata ya karanta hakan a fuskata. Na ce ya yafe mini don Allah, ya ce ya yafe. Sai daga baya na ji ashe maganar ta riga ta kai kasuwa, har ya aika wa Innarsa ta daina kai nono gari.

Abin da na koya ke nan: kundin kanel yana faɗin abin da na'ura ta ji ne, bai taɓa ambaton sunan mutum ba, mu ne muke sa masa. Ku ƙare da waya da rami da allo kafin ku buɗe baki gaban shugaba, don kwamfutar na gyara ta cikin kwana uku, amma abin da na ɓata ban iya gyarawa ba. Altine ya ci gaba da aikinsa, yana gaishe ni da fara'a. Sai dai daga wannan makon har na bar Anka, da zarar an zauna tsara fita zai tashi ya koma gindin dalbejiya. Hajiya ta roƙe shi ya dawo ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce: "Ranki ya daɗe, gara kada in sani."