Jaridun Baffa Haladu a Akwatin Masallaci

Shekara ashirin ke nan da muka kai Baffa Haladu, yayan mahaifina, maƙabartar Baƙi'a da ke nan Madina. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa. Bana na zauna rubutun, amma ban san ta inda zan kama ba.

A zamanin Turawa yana da 'yar jaridarsa a garinmu, can ƙasar Hausa. Shi ne mai ita, shi ne edita, ranar da mai murza inji ya yi fushi kuma shi ke murzawa. Da ajami yake bugawa, kowace fitowa da Bismillah a samanta. Shafin baya na tarihi ne: yakan bi tsofaffi gida-gida yana tambayar wa ya haƙa rijiyar nan, su wa yunwa ta kora, wa ya ƙi biyan haraji aka ɗaure shi. Da ya zo hajji ya zauna Madina, riguna kaɗan ya taho da su, amma jaridun nan sai da ya cika buhu. Mutum ne mai faɗa, Allah ya jiƙansa; ka taɓa buhun, ka ji abin da ba ka so.

Bayan rasuwarsa buhun ya dawo hannuna a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma. Bara muka tashi zuwa unguwar Aƙiƙ. Ina wurin aiki, 'yata Maryam ce ta haɗa kaya. Haifaffiyar nan ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Na dawo na tarar babu buhu.

"Ya Baba, fiha ismullah," in ji ta, wato da sunan Allah a ciki. "Gara ta ci rabi, suna zube a ƙasa. Na kai sanduƙ na masjid."

Tana nufin akwatin da ake zuba tsofaffin takardu masu sunan Allah, a kwashe a binne ko a ƙona cikin mutunci. Ta ga baƙaƙen Larabci, ta karanta Bismillah, sauran ba ta gane ko kalma ba, sai ta ɗauka addu'o'i ne. Na ruga masallacin babu ko hula. An riga an kwashe.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna wanda ya koya mata. Tana 'yar mitsitsiya Baffa ke riƙe hannunta a lungu, in ya ga takarda a ƙasa ya sa ta ɗauka ta duba ko da sunan Allah, ta ɗora kan katanga. Abin da ta samu daga gare shi ke nan, ta kuwa riƙe.

To da yana raye me zai ce? Wata rana ina jin tsawarsa, wata rana ina ganin yana sa mata albarka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsince sunayen matattu, shi ya roƙi a binne shi a Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa. Har yau na kasa haɗa waɗannan biyun.

Rannan Maryam ta zauna kusa da ni, ta lallaɓa Hausarta mai ɗingishi: "Baba, mene a ciki? Faɗa mini, ni rubuta."

Na gyara zama zan fara da mai rijiyar nan. Fuskar Baffa ta zo mini, da yadda yake ɗaga yatsa in zai faɗi sunan. Sunan ne bai zo ba.