Dokta Silvanus da Ruwan Gangunanmu

Ranar Talata, tara ga Afrilu, 1996, muna tsakiyar ciniki a kasuwar Kafanchan labari ya iso cewa motar da ka shiga zuwa Kaduna ta kife bayan Zonkwa, kuma ba ka tashi ba. Dokta Silvanus Dogara, ɗan Madakiya, ni ce Milka, shugabar mata masu sayar da kayan teku. Da baƙin ciki nake rubuta wannan, da kunya kuma.

Shekara goma sha ɗaya ka yi a bakin teku kana nazarin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. In ka zo hutu mukan tsokane ka, mu ce ɗan kan dutse da bai iya iyo ba, me ya kai shi teku? Sai ka yi dariya, ka zaɓi kaguwarka ka tafi. Shekarar da amai da gudawa ya kama 'yar A'i maƙwabciyata, kai ka zauna a tabarma da wandonka na ofis, kana ba yarinyar ruwan gishiri da sukari cokali-cokali har ta buɗe ido.

Kowa ya san sana'armu. Jirgin ƙasa daga Fatakwal ke kawo mana kaguwa da dodon koɗi da ransu, cikin gangunan ruwan teku. In kaya ya ƙare sai mu tuntsurar da ganga a kwatar bayan kasuwa, wadda ke gangarawa rafin da unguwa uku ke ɗiba. Ba mu taɓa ganin laifin haka ba. Tun kaka da kakanni gishiri ke hana nama ruɓewa, to wace cuta ruwan gishiri zai ɗauko?

Bara na same ka tsugunne bakin kwatar kana cika kwalba. Ka ɗago ka kira ni da sunan ɗana, ka ce, "Mama Kaleb, wannan abin da ke kawo amai da gudawa, a cikin gishiri yake zama, gidan shi ke nan. Yana manne a jikin kaguwa. Don Allah ku dinga tafasa ruwan kafin ku zubar." Na ce maka boko ya yi maka yawa. Mata suka yi shewa, ni ma na taya su.

Watan jiya ka dawo da wani hoto mai baƙaƙen layuka. Ka ce kowace zuriyar ƙwayar cuta tana da zanen gadonta a cikin jikinta, kamar tsagen fuska. Jeri ɗaya na wadda ka ɗebo a teku ne, ɗayan na wadda ka samu a rafinmu. Ni da ban san komai a aikinku ba ma, na ga babu bambanci ko kaɗan. Ka ce rani ne ya kwantar da ita a laka, ruwan farko na sauka zai kwashe ta zuwa rijiyoyi. Hoton nan da rahotonka ka ɗauka za ka kai Kaduna. An tsinci jakarka, amma takardun sun jiƙe da mai, ba wanda ya iya karanta su.

Tun da muka dawo daga jana'izarka nake bi rumfa-rumfa ina maimaita maganarka. A'i ce ta fara kafa murhu don tafasa ruwan gangarta, mata huɗu suka bi ta. Sauran suna cewa mutuwarka ce ta gigita ni. Ba ni da bakin yin fushi da su, ni na koya musu dariyar. Jiya hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, ya watse bai zubar ba. Jirgi kuma yana tafe ranar Alhamis. Ina jin tsoro, Dokta.

Ga uwargidanka Clara da 'ya'yanta da dukan mutanen Madakiya, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye. Kai kuwa ka sauke nauyinka, ka faɗa mana tun da sauran lokaci. Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutu na har abada. Mu da ba mu ji ba, Allah ya gafarta mana, kada ya bar 'ya'yan unguwa ukun nan su sha abin da muka zubar.