Launinka, Francis

Shekara tara ke nan rabona da Kafanchan. A nan Sharja, inda nake aiki a wata maɗaba'a, labarin ya same ni: Francis Azariya, mai shagon zane da gyaran hoto a bayan tashar jirgin ƙasa, ya koma ga Ubangiji ranar Talata, goma ga watan Yuni, 2025, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Matarsa Yemima ce ta kira ni da kanta. Wannan ta'aziyya daga bakin mutumin da ya fi kowa kishinsa take fitowa, saboda haka wanda ya karanta ya san yabon da ke ciki ba na son rai ba ne.

Francis, tare muka koyi aiki a hannun Oga Gregory. Na riga ka shiga shagon, na fi ka saurin hannu, kai ma ba ka taɓa musu a kan wannan ba. A shagon akwai wata babbar monita, wato allon kwamfuta, da Oga ya saya wajen wani Bature mai ɗaukar hoto da zai bar ƙasar. Ba a taɓa ganin irinta a garin ba. In aka buɗe hoto a kanta har ramukan gashin fuska kana gani, kuma launin da ta nuna maka shi zai fito a takarda. Allon laftof kuwa maƙaryaci ne, ka sunkuyar da shi kaɗan launi ya canza, ka ɗaga shi ya sake canzawa.

Da Oga ya yanke shawarar komawa Fadan Kagoma noman citta, ya sayar da komai har da kwamfutar tebur, ya bar monita. Ya kira mu ya ce, "Ni ba zan tsaga shi biyu ba. Kowa ya kawo laftof nashi. Wanda monita ya yarda da shi, shi ne mai shi."

Na yi dariya a zuciyata, don tawa sabuwa ce, taka kuwa ta gwanjo, murfinta ma da salatif ka riƙe shi. Ni na fara haɗawa. Hoto ya fito a dushe, rubutu kamar an yayyafa masa ruwa, in na motsa linzamin kwamfutar sai ya riƙa jan ƙafa. Na canza kebul, na kashe na kunna, duk ɗaya. Ramin soka kebul da ke jikin tawa tsohon yayi ne, ba ya iya ɗaukar nauyin wannan allo. Taka kuma tana da wani ɗan ƙaramin rami a gefe wanda ba mu taɓa sanin amfaninsa ba. Oga ya lalubo kebul ɗinsa a cikin kwalin Baturen, ka soka, allo ya buɗe tar.

Ka juyo ka ce, "Mutumina, shago ɗaya ne. Ka zo ka riƙa aiki a kai duk lokacin da ka ga dama."

Da ka yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Aikin farko da ya raba mu shi ne zanen zumuntar matan cocinmu. Suna son shunayya mai duhu don bikin cikar zumuntar shekara hamsin, kuma ni suka fara kawo wa, albarkacin mahaifiyata. Na haɗa launi a laftof ɗina, ya yi kyau a idona, samfur ya dawo daga masaƙa shuɗi kamar rigar 'yan makaranta. Shugabar mata ta juya ƙyallen ta ce, "Nathan, mu mun ce zumunta, kai ka kawo mana firamare." Suka tafi wajenka. Naka ya dawo daidai. Mahaifiyata ta ɗaura zanenka ta yi rawa a gaban coci, ina zaune ina kallo. Ranar da zan bar gida, da sabon ƙyallen da ya rage daga ɗinkinta ta ƙulle mini citta da acca. Har cikin akwatina ka biyo ni.

Na daɗe ina gaya wa kaina monita ce ta yi ka. Adalci ya sa dole in faɗi abin da mutanen gari suka sani, wato ba ita kaɗai ba ce. A wajenmu ba a jana'iza sai da fosta da ɗan littafin sujada mai hoton mamaci a bango, kuma duk masu shaguna sun saba ƙara wa fuska haske, har baƙin mutum ya koma wankan tarwaɗa, wai don ya yi kyau. Kai ka ƙi. In aka kawo maka hoto sai ka tambaya, "Wa ya fi kama da shi a jiki?" A je a kawo ɗa, ko ƙanwa, ko jika. Ka ja labulenka mai ruwan toka don hasken waje kada ya ruɗe ka, ka sa mutumin ya ɗora damtsensa a gefen allo, ka yi ta gyara har fuskar da ke ciki da hannun da ke waje su zama jini ɗaya. Wasu sun yi fushi. An ce wani ya taso daga Gwantu yana faɗa, wai ka mayar da babansa baƙi. Ka ce masa, "Oga, shekara tamanin Baba yana yawo da wannan kala, bai kai ƙara wajen kowa ba." Mutumin ya zauna ya ƙara duban hoton, sai ya rufe fuska da hula.

Da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa ba. Kai ka hau babur har Zangon Kataf ka ɗauko ƙanwarta, Inna Martha, ta ɗora hannu a gefen allonka. Kai ka kama akwatin gawa a gefen da ya kamata in kama. Ka turo mini hoton, na buɗe shi a monitar wajen aiki, wadda ta fi taka tsada da kyau nesa ba kusa ba, na ga uwata yadda take in ta dawo daga gona ta wanke fuska. Na gode maka a waya da kalmomi kaɗan. Ka ce, "Ɗan Dubai, ka dai dawo mu gan ka kafin mu manta kalarka."

A nan muna da monitoci jere, ana gwada launinsu da na'ura duk wata. Da su nake daidaita jan kwalin biskit da ruwan gwal na kwalin turare. Ba wanda ya taɓa kuka a gaban aikina. Kai kana can da tsohuwar monita ɗaya, NEPA tana ɗauke maka wuta, rabin garin ya bi ta hannunka kafin ya shiga ƙasa. Wa zai hana ni ƙyashi?

Kwana biyu da rasuwarka Yemima ta sake kira. Ta ce, "Broda Nathan, an yi fosta a wani shago, ka ga abin da suka yi mishi? Sun mai da shi kamar ɗan Labanan. Ni ban san wannan mutum ba. Ba zan bari a kafa shi a ƙofar gida ba." Jana'iza ranar Asabar ce. Mutumin da ya tsare wa kowa launinsa ga shi za a binne shi da fuskar aro.

Na ce, "Maman Doreen, wa ya fi kama da shi a jiki?"

Ta ce, "Doreen. Har tafin hannu."

Amma 'yarka tana Kafanchan, ni ina Sharja, kuma kyamarar waya ta fi allon laftof ƙarya. Ina cikin tunani na tuna ƙyallen nan. Na tambaye ta ko tana da zanen zumuntar wanda ba a taɓa wankewa ba. Ta ce akwai guntu a ƙasan akwati. Na ce ta shimfiɗa shi a inuwar mangwaro da rana, Doreen ta ɗora damtsenta a kai, ta ɗauka ta turo. Na fito da nawa ƙyallen na riƙe a gefen allo, na gyara hoton har shunayyar ciki ta zama ta hannuna. Da zane ya daidaita, hannun yarinyar ya daidaita. Daga hannunta na ɗauki launi na mayar maka a fuska, baƙin nan naka mai ɗan ja a ƙarƙashi.

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na ce su je shagonka su buɗe shi a monitarka, su ja labule, Doreen ta ɗora hannu. Ina kan waya ina jin ƙarar kujerarka. Yemima ta ce, "Shi ne." 

Ka gani, ko a wannan ma sai da aikina ya jira amincewar monitarka, da dabararka na yi shi, da launin da ka haɗa. Kuma har yanzu ka fi ni. Za a kwantar da kai a ƙasar ubanka, matan zumunta suna waƙa sanye da zanenka. Ni ban san wanda za a kira ya ɗora hannu a gefen allo ba in tawa ta zo.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, Francis, ya karɓe ka cikin hutunsa, ya tashe ka a rana ta ƙarshe da fuskar da ya halicce ka da ita. Yemima, Allah ya ta'azantar da ke, ya zama miki garkuwa. Doreen, ya raya ki, kada ki bari kowa ya ƙara miki haske. Ina miƙa gaisuwa ga dangin Azariya duka, da Oga Gregory, da ikilisiya, da duk gidan da hotonsa ke rataye a bango. Kada a sayar da monitar nan.

Masu tambaya me na tara a waje, ga shi. Laftof ɗaya mai irin ramin nan, da na saya da albashina na farko, ban taɓa haɗa ta da monitarka ba. Ƙyalle ɗaya. Hotuna biyu, na mahaifiyata da ka yi, da naka da na yi.

Nathan Simon,
Sharja.